Danshin Rumfa ta Uku

Dashen tumatir ya bushe ƙamas a rumfa ta uku. Famfo bai buɗe ba ko sau ɗaya, alhali allon kwamfuta na cewa ƙasa jiƙe take sharkaf.

Kawu, mai lambun, ya ce wannan ba tsautsayi ba ne. Ma'aikacinsa Dogo ne ya rubuta manhajar ban-ruwa, kuma an ga Dogo yana shan shayi da abokin hamayyar Kawu, mai lambun tsallaken titi. Kawu ya kira ɗan ƙanwarsa Gwani, masanin kwamfuta, ya zaunar da shi a ofis, ya ce ya tono masa gaskiya. In da gangan ne, yau Dogo zai bar aiki.

Gwani bai daɗe ba ya gano wurin. Na'urorin auna danshi iri biyu ne. Tsofaffin kan aiko da 0.4, sababbin 40, duk nufinsu kashi arba'in cikin ɗari. Dogo ya haɗa su da layi guda na umarni a cikin manhajar: lambar da ba ta kai ɗaya ba, a ninka ta sau ɗari. A rumfa ta uku an zuba ƙasa busasshiya ƙarau, sabuwar na'ura ta aiko da 0.8, manhajar ta mayar da shi tamanin.

Lalaci ne, ko tarko? Ta taga Gwani ya hango Dogo yana tuge matattun shuke-shuke, yana satar kallon ofis. Mai laifi kan yi irin wannan kallo. Mai tsoro ma haka.

Gwani ya goge layin. Ya sa kowace lamba ta shigo da shaidar na'urar da ta aiko ta, a juya ta a wuri guda. Wadda ba ta da shaida, a ƙi ta, ƙararrawa ta buga.

Kawu ya dawo, ya tsaya a kansa. "To, malamin kwamfuta, da gangan ne?"

"Kawu, layin ya ce ga abin da ya faru. Bai ce ga abin da ke zuciyarsa ba."

"Kai me kake zato?"

"Zato ne ya kashe tumatirin nan."

Kawu ya tambaye shi ko shi ma yana shan shayi a tsallaken titi.

Dogo bai bar aiki ba. Amma washegari an sauya kwaɗon ofis, kuma daga shi har Gwani ba wanda aka ba makulli.