Tsamiyar da Ruwa Bai Wanke Ba

Lauratu malamar firamare ce a Gaya. Da ta ji Baffa Badaru zai sare tsamiyar da marigayi mahaifinta ya dasa a ƙofar gidansu na Toranke, sai ta zo ta zana ta da tawadar gida, ta gawayi da ƙaro. Tana ɗora fentin ruwa, rassan suka narke, takardar ta dagule.

Baffa ya yi dariya. "Ko takarda ma ta ƙi ta."

Lauratu ta hau mota sai Kano. A kanti ta sa aka ɗiga mata kowace tawada a takarda. Da suka bushe, ta goga jiƙaƙƙen yatsa, ta zaɓi wadda ba ta motsa ba.

Da ta dawo da ita, Baffa ya jujjuya kwalbar tawadar. "Tamu a wanke allo a sha a warke. Wannan me za ta tsinana?"

Ta sake zana tsamiyar, ta bari ta bushe, ta ɗauki butarsa ta kwarara ruwa a kai. Ko ganye ɗaya bai goge ba.

"Baffa, ga gatarinka can. Wannan kam sai dai ka yi ta kallonta."