Macizan da Suka Zo a Madadin Kayan Mainasara

Mainasara ya rasu a Legas, a kasuwar da yake kai albasa, aka binne shi can tun labari bai gama isowa Wurno ba. Matarsa Sabuwa ba ta ga gawa ba, ba ta ga likkafani ba. Waya ce kawai ta yi ƙara a aljihun yayansa Atiku, sai ga mata sun cika tsakar gida, wata ta zaunar da ita bisa tabarma, wata ta cire mata 'yan kunne. Ta bar su suka yi. Mutane suka yi ta yabon haƙurinta don ba su ga hawayenta ba. Ita kuwa ba haƙuri take yi ba. Ji take kamar an aike ta wani gida, ta isa, ta manta abin da aka ce ta karɓo.

Abokan fataucinsa suka aiko cewa sun tattara 'yan kayansa a akwatinsa na katako, sun sa a buhun albasa sun ɗinke, za su ba direban motar da za ta komo arewa. Wannan ne kaɗai Sabuwa ta riƙe a cikin duk maganganun da aka yi mata. Ta san abin da ke cikin akwatin, don ita ke shirya shi duk tafiya. Akwai bargo, akwai riguna, akwai wata tsohuwar rigar sanyi da yake kwana da ita bisa buhuna, ba ya wanke ta sai ya dawo gida. Duk dawowa sai ta yi masa tsiya a kan warin rigar nan, albasa da zufa da ƙurar hanya, kafin ta jiƙa ta. Yanzu warin nan take jira.

Buhun ya iso daga tashar Sakkwato wata rana da hantsi. Atiku da kansa ya shigo da shi ɗakinta, ya aje bayan ƙyaure, ya ce kada wanda ya taɓa ɗinkin. Kayan mamaci haƙƙin magada ne, ba a buɗe su sai a gaban malam ranar rabon gado, ga shi ƙanwarsu da ke aure a Rabah ba ta samu zuwa ba tukuna. Sabuwa ta ce to. Tana takaba, ba ta fita ko zaure, saboda haka ita da buhun suka zama abokan zama.

Yayarta Mairo, wadda ta zo daga Achida don ta taya ta zaman, ita ke yin girki da karɓar masu gaisuwa. Sabuwa kuwa sai ta jingina da bango kusa da buhun. In ɗakin ba kowa takan kai hanci jikin buhun. Warin albasa ne kawai, irin na kowane buhu. A haka ta fara jin motsi daga ciki, ba kamar na ɓera ba, wani ja ne a hankali, sai ya tsaya, sai ya sake. Ta gaya wa Mairo, Mairo ta ce rashin cin abinci ne ke sa kunnenta ƙara.

Washegari bayan azahar motsin ya dawo. Sabuwa ta ɗauko reza ta yanke ɗinkin, Mairo na tsaye tana tuna mata abin da Atiku ya ce. Da buhun ya zame sai ga akwati, amma ba na Mainasara ba. Sabon katako ne, an huhhuda shi ta gefe. Ciki akwai jakunkunan yadi biyu, kowace an ɗaure bakinta. Ta kwance ɗaya. Maciji ne mai kaurin damtsen hannunta, baƙi da ruwan ƙasa, ya dunƙule wuri guda ya cusa kansa a tsakiya.

Mairo ta fice ta bar takalminta. Sabuwa ta tsaya tana kallonsa. Ta jira tsoro ya zo mata, bai zo ba. Abin da ta sani kawai shi ne wannan ba kayan mijinta ba ne. Ta mayar da murfin ta zauna inda take zama.

Kafin la'asar Atiku ya shigo da taɓarya, maza biyu na bayansa da sanduna. Bai ko yi faɗan yanke ɗinkin ba. Yana cewa a fitar da akwatin bayan gari, sai wayarsa ta yi ƙara. Ɗan kamashon tashar Sakkwato ne, yana ta ba da haƙuri. Buhuna biyu iri ɗaya suka sauka daga mota ɗaya, aka musanya. Na Mainasara yana gidan wani ma'aikaci a cikin birni mai suna Siddiq, wanda ke kiwon macizai kamar yadda wasu ke kiwon tantabara. Wanda ya sayar masa da su ne ya ɓoye akwatin a buhun albasa, don ya san ba direban da zai ɗauka in ya ji abin da ke ciki.

Ba a jima ba Siddiq ɗin ya kira. Ya yi gaisuwar rasuwa, ya ce ƙananan mesa ne, ba su da dafi, ba su cizo sai an matsa musu. Ya ce aiki ya kai shi Abuja, matarsa ce ta karɓi buhun, amma da zarar ya dawo zai zo da kansa. Atiku ya ce shi ba zai kwana da maciji a gidan makoki ba, yanzu zai farfasa kawunansu, in ya so a aiko da akwatin ƙanensa. Mutumin ya ɗaga murya, har Sabuwa na jiyo ta daga bakin ƙofa. Ya ce ranar da ya karɓi dabbobinsa da rai, ranar zai miƙa akwatin.

Atiku ya kashe wayar ya ɗaga taɓarya. Sabuwa, wadda tun rasuwar bai ji ta haɗa magana mai tsawo ba, ta matsa ta zauna bisa murfin akwatin.

"Yaya, a bar su."

"Mi kika ce? Sabuwa, macizai na fa."

"Na ji. Ɗakina anka aje su. In kun kashe su, rigunanshi ba su zowa."

Ya tsaya yana kallonta. Ba a jan mai takaba, ba a ɗaga mata murya a gaban mutane. Ya jingine taɓaryar ya ce duk abin da ya faru ita ta so, ya fita da mutanensa.

Ba direban da ya yarda ya mayar da akwatin Sakkwato, don labari ya riga ya zaga tasha. Haka kiwon ya faɗo kan Sabuwa. Tunda Atiku bai so tana magana da baƙon namiji, Mairo ce ke karɓar waya daga tsakar gida tana ɗaga murya tana isar da saƙo, ba ta ko leƙa ɗakin. A sake su cikin akwatin, a sa katako a raba tsakaninsu. A sa musu ruwa a kwano mai nauyi wanda ba za su kifar ba. A ba kowanne wurin ɓuya mai duhu. Kada rana ta taɓa akwatin. Kada a ba su ɓeran gida, ko ya ci guba.

"Wai suna da suna," Mairo ta ce daga waje. "Babban Tanko, ƙaramar Kande. Wanga mutum, duk awakin duniya sun ƙare mashi? Har tambaya yake ko sun sha ruwa. Ni da nib baro gidana ba wanda yat tambayi ko na sha."

Sabuwa ta fasa wata tsohuwar tukunya gida biyu ta kife wa kowanne rabi. Ta ja akwatin kusa da randa inda ƙasa ke da sanyi. Da safe ta canza ruwa, ta kwashe ƙazanta, ta shimfiɗa sabon tsumma. Jikinsu ba santsi ba ne kamar yadda ake faɗi, a bushe yake, da sanyi kamar bayan tulu. Ba ta son su, ba ta ƙin su. Aiki ne da ke da lokacinsa, kuma ba su ce mata ta yi haƙuri.

Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Wasu suka ce ashe Mainasara da wata sana'ar yake yi a kudu, wasu suka ce iskoki ne suka biyo kayansa. Atiku na jin wannan a masallaci ya dawo gida yana huci, ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce ta zubar masa da mutunci a gari. Ta ce ya yi haƙuri. Ɗakin ya yi shiru, ita kuma shirun bai dame ta ba.

Da lokacin ciyar da su ya yi, Mairo ta sayo 'yan tsaki biyu tana mita. Kande ta kama nata, Sabuwa na kallo har ya wuce maƙoshinta. Tanko ko juyowa bai yi ba. Aka sake gwadawa bayan kwana biyu, ya ƙi. Sai launinsa ya dushe, ya yi toka-toka. Wata safiya ta ɗaga tukunyar ta ga idanunsa sun yi fari kamar an ɗiga musu nono. Ta taɓa shi, da ƙyar ya motsa.

Nan ne tsoro ya zo mata, karo na farko tun rasuwar. Ta fito tsakar gida ba mayafi ta ce Mairo ta kira mutumin, ta karɓi wayar da hannunta.

"Malam, babban ya makance. Bai ci, bai motsi. Wallahi ban ba shi komi ba. In ya mutu, don Allah ko rigar sanyin ka aiko man, sauran ku riƙe."

Siddiq ya ce, "Inna, ba mutuwa zai yi ba. Saɓa zai yi, zai sake fata. Ki jiƙa tsumma ki sa mashi cikin tukunyar, ki ƙyale shi." Ya ƙara da cewa maganar da ya yi ran nan fushi ne, ko me ya faru akwatin nata ne. Ta ce ta ji, amma ba ta yarda ba. Ta jiƙa tsumman, ta yi ta sabunta shi duk lokacin da ya bushe.

Idanun suka washe. Bayan 'yan kwanaki ta tarar da tsohuwar fatar a naɗe jikin tukunyar, fara sol, har da gurbin idanu. Tanko na gefe yana sheƙi kamar an shafa masa mai. A ranar ya ci ɗan tsakonsa. Ta naɗe fatar ta aje a gefen akwatin, ko mai su zai tambaya.

Siddiq ya zo ranar wata Asabar da motarsa. Atiku ya riga ya kira malam da ƙanwarsu ta Rabah, ya ce wannan karon a gaban kowa za a buɗe, kada a sake samun abin mamaki. Aka fitar da akwatin macizan zuwa zaure, maza biyu na riƙe da shi nesa da jikinsu. Sabuwa ta tsaya bayan ƙyauren cikin gida tana ji. Mutumin ya duba dabbobinsa yana kiran sunayensu a hankali. Ya ce ko shi ba zai kula da su fiye da haka ba, ya yi ta sa mata albarka.

Sai ya ce akwai abin da ya kamata ya faɗa. Matarsa Nafisa ta buɗe buhun tun ranar farko kafin a gane kuskuren. Ruwan sama ya taɓa akwatin a hanya, kayan sun fara tsami. Da ta ji na mamaci ne, kuma matar mamacin na can tana wahala da macizansu, sai ta rasa abin da za ta yi ta nuna godiya. Ta wanke su duka da hannunta, ta goge, ta turara.

Atiku ya ce madalla, Allah ya saka mata. Malam ma ya yaba. Aka buɗe akwatin, ga kayan a jere, kowanne an ninke shi tsaf. Atiku ya zaro rigar sanyin, ya tambayi ƙanwarsa da malam, suka ce a ba Sabuwa. Ya miƙa ta bayan ƙyaure.

Sabuwa ta karɓa. Ta kai hanci wajen wuya, ta juya ta shinshina hammata, ta juya cikin waje. Sabulu ne da turaren wuta, irin wanda ba ta taɓa sawa a ɗakinta ba. Har wani ɗan yagewa da ke hannun rigar an ɗinke shi.

"A ce mata na gode," ta ce. "Allah shi ba da lada."

Ta ji tashin motar. Ta koma ɗaki ta aje rigar bisa gado. Gefen randa ba komai sai shatin akwatin a ƙasa da kwanon ruwan da aka manta. Ta ɗauke shi ta ɗauraye, ta cika, ta mayar inda yake, sannan ta tuna macizan ba su nan. Mairo ta leƙo, karo na farko da ta sa kai ɗakin tun ranar da ta bar takalminta, ta tambaya ko a zubo mata tuwo. Sabuwa ta ce a zubo, ta zauna ta jingina da bango.