Yadda Walimar Layya Ta Koma Ainu Shams

Malam Ɗantsoho ya zo Alƙahira yana saurayi domin neman ilimin fiƙihu, Allah Ya nufa ya zauna, ya yi iyali a wani bene na unguwar Abbasiya, har Hausawan birnin suka ɗora masa shugabancin ƙungiyarsu. Mutum ne mai yawan godiya ga Ubangiji. In ya sami shayi mai na'ana'a bayan la'asar, aka bar shi da littattafansa, ba ya neman ƙari.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa a farkon Zulhajjin bana. Labari ya iso masa cewa matasa na shirin ware tasu walimar layya. In haka ta tabbata, ƙungiyar da magabata suka miƙa masa a dunƙule za ta rabe biyu a hannunsa.

Tsarin da ya tarar shi ne rukuni uku. Akwai manyan ɗalibai masu zurfin karatu, akwai 'yan kasuwa da ma'aikata mazauna unguwar Ma'adi, sai sauran jama'a, wato ƙananan ɗalibai da Hausawan Sudan na unguwar Ainu Shams, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Kowane rukuni murya ɗaya gare shi in za a yanke shawara. Don haka kowace shekara rukunin farko da na biyu ke haɗuwa a kan lambun Alhaji Muhammadu da ke Ma'adi. Wuri ne mai inuwa, sai dai ƙarami ne, ba a zuwa da yara. Masu fiɗa da girki da wanke tukwane kuwa 'yan rukuni na uku ne, su ke barin 'ya'yansu a gida ranar Sallah. Malam bai taɓa ganin aibu a ciki ba. A wurinsa girmama ilimi ne da girmama mai masauki.

Wani yammaci 'yarsa Fauziyya, mai karatun tarihi a jami'a, ta kawo masa shayi ta zauna a gefen dardumarsa.

“Abba, jibi ina da jarrabawa a kan juyin juya halin Faransawa. Ka saurare ni in maimaita.”

“Ni me na sani game da Faransawa?”

“Kunne nake nema, Abba, ba fatawa ba.”

Ya yi dariya ya gyara zama. Ta fara bayani. Mutanen ƙasar, in ji ta, kashi uku ne: malaman coci, da masu sarauta da gado, sai talakawa, daga manomi har lauya. Mafi yawan haraji a wuyan kashi na uku yake. Baitulmali ya wofinta saboda yaƙe-yaƙe da almubazzarancin fada, amfanin gona ya lalace, burodi ya gagari magidanci.

“Yunwa ce ta tashe su ke nan,” in ji Malam.

“Yunwa ta daɗe, Abba, suna haƙuri. Da sarkinsu ya rasa mafita ya tara wakilan kashi ukun, sai aka so a bi tsohon tsari, kowane kashi murya ɗaya. Biyu su kada ɗaya kullum, alhali ɗayan nan shi ne kusan dukan al'umma.”

Malam ya ajiye kofinsa a hankali. “Sai suka yi yaya?”

“Kashi na uku suka ce a ƙirga mutum-mutum. Aka yi ta ja-in-ja. Wata safiya suka tarar an rufe zauren taronsu, sai suka koma wani ɗakin wasan ƙwallo, suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai an sake tsari. Abin da ya biyo baya kuwa, jini ne mai yawa.”

“Allah Ya tsare mu da fitina,” in ji shi. Bai ga abin koyi a zubar da jini ba, amma ya san Allah bai bar mana labarin mutanen baya don hira kawai ba.

“Abba, na yi kuskure ne?”

“Ba ki yi ba. Je ki, Allah Ya ba da sa'a.”

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru. Bisa al'ada manya ke zama a kujerun falonsa, matasa su tsaya a matakala suna leƙe. Wannan karon ya sa aka shimfiɗa tabarmi a rufin benen, kowa ya hau.

Alhaji Muhammadu ya iso yana haki. “Allah Ya gafarta Malam, yau kuma mu da tantabaru da shanyar maƙwabta?”

“Ma'alish, yi haƙuri, Alhaji. Nan ne kawai zai ɗauke mu duka.”

Bayan addu'a Malam ya ce bana kowa zai ɗaga hannunsa da kansa, a ƙirga mutum-mutum. Ukasha, jagoran matasan, wanda ya zo da jawabin rabuwa a bakinsa, ya dubi abokansa ya fasa jawabin.

Zainulabideen, ɗaya daga manyan ɗalibai, ya ce, “Malam, a daidaita wanda ya tsufa kan littafi da wanda ya sauka daga jirgi jiya?”

“In mas'alar gado ce ko ta ɗahara, kai zan tambaya, ba shi ba. Wannan kuwa maganar inda za a zauna a ci nama ce, kuma wanda ya sauka jiya shi ke ɗaukar tukunya.”

Bakri, wani mahauci Bahaushen Sudan, ya ce akwai fili a bayan gidansu a Ainu Shams, ba inuwa, amma za a kafa rumfa. Aka ce masu son Ma'adi su ɗaga hannu. Malam da kansa ya ɗaga, domin yana ƙaunar inuwar lambun nan kuma gwiwoyinsa ba sa son cunkoson jirgin ƙasa na metro. Ukasha ya ce, “Malam, kai ma?” Aka fashe da dariya. Da aka kira Ainu Shams, hannuwa suka cika rufin.

Alhaji ya miƙe ya kaɗe rigarsa. “Khalas, shi ke nan. Tamam.” Muryarsa a sanyaye take. Malam ya ga ya ɗinke gefe ɗaya, ɗayan na neman yagewa. Ya bi shi har bakin mota.

“Alhaji, gidanka ya ciyar da mu shekaru, Allah Ya saka. Bana ka bari a ciyar da kai.”

Alhaji ya ja motarsa ya tafi.

Ranar Sallah filin Bakri ya cika da yara cikin sabbin kaya, suna ta kai-kawo tsakanin tukwane, Awadiyya matar Bakri na korar su da ludayi. Malam ya zauna a ƙarƙashin rumfa, gumi na zuba, yana amsa gaisuwa, idonsa na kan bakin lungu. Manyan ɗalibai sun zo. Azahar ta wuce, ba kowa daga Ma'adi.

Ana gab da la'asar sai ga Alhaji a ƙasa, iyalinsa da maƙwabtansa na biye.

“Wace irin unguwa ce wannan, ba inda mutum zai ajiye mota?” in ji shi tun kafin ya gama sallama.

Bakri ya matsa masa a tabarma, ya tura masa farantin agashe, gasasshen nama mai ƙuli da yaji. Alhaji ya ɗauki yanka ɗaya yana ɓata rai, ya tauna, ya dakata.

“Kai, Bakri! Wannan ai tsiren garinmu ne.”

“Kakanninmu suka taho da shi a hanyar Makka, Alhaji. Ƙara.”

Alhaji ya naɗe hannun riga ya jawo farantin gabansa. Malam Ɗantsoho ya yi hamdala a ransa, ya miƙe ƙafafunsa, ya ce wa Ukasha ya duba ko ruwan alwala zai ishi jama'a.