Idon Dama na Alhaji Sallau

Najaha yarinya ce mai tafiya tana zaune. Jikinta na cikin aji a kwalej ɗin Matamaye, hankalinta kuwa ya fice ta taga, ya bi amalanken rake har hanyar Dungu. Ranar nan ma can take sa'ad da Mushe Tanna, malaminsu na Faransanci, ya ƙwanƙwasa tebur.

"Kowa ya zaɓi mutum ɗaya a gidansu," in ji shi, "ya sauya masa ra'ayi a kan abu ɗaya. Sati biyu na ba ku. Ku tanadi hujja, ku san wanda kuke yi wa magana, ku kuma san inda ake yin shiru."

Ba ta yi dogon tunani ba. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta kama kakanta, Alhaji Sallau. 'Ya'yansa sun yi sun yi ya je Damagaram a yi masa aiki, ya ƙi.

Ta rubuta hujjoji uku, ta haddace, ta tsaya gabansa a zaure ta zuba su tsaf: aikin ba ya daɗewa, ba ya ciwo, kuma maƙwabcinsu Mahaman an yi masa, ga shi yana karatu. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya.

"Amaryata, yaushe kika fara wa'azi? Samo mini ruwa."

Da ta ba Mushe Tanna labari, sai ya ce, "Shi me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Mushe."

"To, da wa kika yi magana ke nan?"

Ran Asabar bayan la'asar ta kama bakin sandarsa ta ja shi zuwa lambunsa a kwari. Iska na kaɗa ganyen rake, yana shuu kamar ruwa na tafe daga nesa. Balbelu sun sauka bayan shanu. Suka zauna a bakin rijiya, hujjojin duk suka zube mata, sai ta ce, "Kaka, wai me kake gani?"

Ya juya fuskarsa wajen raken.

"Komai nake gani," ya ce. "Ruwa ya cika kwarin nan har gindin giginya. Ga Hajiya Mas'uda can tana saukowa da ƙwaryar fura, zanenta baƙi mai ratsin ja. Kullum da wannan zanen take zuwa."

Hajiya Mas'uda kakar Najaha ce, ta rasu shekara guda bayan idonsa ya rufe. Yana ta magana a hankali, ita kuwa Najaha ta lumshe ido, sai ga ruwan ya taso mata har idon sawu, ga matar tana ratsa rake ba ta ko taɓa ganye.

"In suka buɗe mini ido," ya ce, "ruwan nan ya janye, na sani. Ita ma ba ta nan. Me zan kalla?"

Najaha ta gyara zama. Ta buɗe ido ta duba lambun, ta shiga faɗin abin da ke gabanta. Ruwa ya janye, gaskiya ne. Amma mangwaron da ya dasa da hannunsa ya fi mutum biyu tsawo, bana ya yi fure har rassa sun sunkuya. Ta ce masa Zuhra, jikarsa ta goye, in ta yi dariya kumatunta na lotsawa gefe ɗaya, na hagu kawai.

"Na hagu?" ya ce.

"Na hagu. Inna ta ce irin na Hajiya ne sak."

Sauran magana ta zo mata har baki, ta haɗiye. Suka zauna har inuwar mangwaron ta iso ƙafafunsu.

Kwana uku bai ta da zancen ba. Ran na huɗu da hantsi ya sa aka kira baban Najaha.

"Ido ɗaya," ya ce. "Na dama. Ɗayan a bar mini abina."

Aka kai shi Damagaram ran Litinin. Da Najaha ta faɗa a aji, Mushe Tanna ya tambaye ta wace dabara ce ta yi aiki. Ta ce ita dai ba ta sani ba, tsohon ne ya fi ta yin magana. Mushe ya rubuta wani abu a takardarsa.

Ranar da suka dawo, Alhaji Sallau ya zauna a zaure da baƙin tabarau, mutanen gida duk sun kewaye shi. Ya ɗaga tabarau kaɗan, ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Najaha.

"Ashe haka kika yi tsawo," ya ce. "Matso nan kusa da ƙofa, inda haske yake."