Tayar da Na Zaɓa da Bakina

Shekara ashirin da biyu ina loda buhunan abincin kaji a shago ɗaya, ba wanda ya taɓa jin na ce wash. Gaskiyar da na ɓoye ita ce, shekara uku ke nan kafaɗata ta dama ta daina ɗaga kaya. Dabara ce ke ci da ni. Bakin bodin a-kori-kurar shagon daidai ƙuguna yake, sai in rungumi buhu mai kilo hamsin, in tokare shi da gwiwa, in tura, ya kwanta. Da wannan gwiwar nake ciyar da mutum shida.

Da maigida ya tsufa sai ya bar wa ɗansa shagon. Yaron da na sha goyawa a wuya ne, yanzu shi ne ƙaramin maigida. Ya ga wasu motoci a wayarsa, dogaye kamar za su taka mutum, ya ce tasa ma sai ta zama haka. Ya kai ta gareji, makanike ya ɗaga ta inci huɗu. Ta dawo tsololo a kan tsofaffin ƙananan tayoyinta, sai ka ce ƙato da ƙafar kaza. Na gwada buhu ɗaya a ɓoye. Da ɗage da nishi ya hau, da kyar dai, amma ya hau. Na ce to, da sauran kwanana a nan.

Ranar sayen taya ya ce in biyo su, shi da direban motar, don in ɗauko tsofaffin.

Mai tayan dattijo ne mai tabarau, ba ya gaggawa. Ya mirgino guda uku ya jera a ƙofar shago.

“Wannan inci talatin da ɗaya ce, ta kwalta da burji, ba ta da ƙara,” in ji shi. “Wannan talatin da uku. Waccan mai manyan haƙoran talatin da biyar ce, ta laka. Ina motar take zuwa?”

“Gonakin kaji,” in ji direba. “Hanyar lafiya lau take.”

“To ƙaramar ta ishe ku. Babbar za ta sha mai, birki zai yi nauyi, kuma motar za ta fi tsayi da inci biyu a kan in kun sa ƙaramar.”

Ƙaramin maigida ko kallon ƙaramar bai yi ba. Yana ta shafa haƙoran babbar yana murmushi. Sai mai taya ya sauke tabaransa ya dube ni tun daga furfura har silifas.

“Wa ke yi muku lodi? Baban nan? Ranka ya daɗe, ka tausaya masa. Zai iya kuwa?”

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ga masu faci sun bar aiki suna kallona, ga direba yana danne dariya. Ƙaramin maigida ya juyo, karo na farko a rayuwarsa da ya nemi shawarata.

“Baba, kai za ka raba gardama. Wacce za mu ɗauka?”

Kalma ɗaya ce tsakanina da tsira. In ce ƙaramar, shi ke nan. Amma in na faɗa, na yarda a gaban jama’a cewa ƙarfina ya ƙare, kuma na san abin da ake yi wa ɗan dakon da ƙarfinsa ya ƙare. Sai na ji bakina yana cewa:

“Haba! Ni za a tausaya wa? Ranka ya daɗe, babbar ce daidai da kai. Ko a kan rufin shago ka ajiye motar zan loda ta.”

Aka kwashe da dariya, ya daki kafaɗata, mai ciwon kuwa. Mai taya ya mayar da tabaransa. Baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa har wasa wuƙar ya yi.

Washegari akwai buhu talatin da za a kai. Na turo baro, na rungumi na farko, na tokare, na yi ɗage. Buhun ya daki bakin bodi ya dawo mini a ƙirji. Na sake. A karo na uku na ce bari in taimaka da kafaɗa, sai na ji wani abu ya tsinke a ciki, hannun ya saki. Buhun ya faɗi ya fashe, garin ya bazu har ƙarƙashin sababbin tayoyin. Ƙaramin maigida yana tsaye a ƙofa da waya a kunne. Ya sauke ta a hankali.

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Cewa ya yi, “Baba, ka yi mana ƙoƙari. Je ka huta, jiki da jini.” Kafin azahar ya samo wani ƙato daga tasha, wanda ke jefa buhu kamar matashin kai.

Bayan mako uku ina zaune a ƙofar gida da hannu a rataye, sai ga motar ta tsaya. Direba ya leƙo mu gaisa. Na dubi ƙafafunta, na sake duba. Ƙananan ne, talatin da ɗaya.

“Ina manyan?” na ce.

“An cire tun shekaranjiya. Matar ƙaramin maigida ce za ta shiga, ta ce hawan ya yi mata nisa. Sau ɗaya ta faɗa, kafin la’asar an canza.”

Na tashi na zagaya baya, na jingina cikina da bakin bodin. Daidai inda gwiwata za ta iya kai buhu yake, da ina da hannu biyu.

“Ya tambaye ni?” na ce.

Direba ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli.

“Ya ce in ka samu hali ka aiko da rigar shagon, sabon bai da ita.”