Wanda Ya Riƙe Jinin Alhaji Yekini

Adijat ta danna yatsa a bayan hannun mijinta, ta ɗaga, gurbin ya ƙi komawa. Jiya da safe aka yi wa Alhaji Yekini aikin zuciya, aka ce an dace. Yau ga shi ya kumbura suntum, jiki zafi rau.

Ba kumburin kaɗai ya hana ta sakat ba. Da aka turo shi daga ɗakin tiyata, ta ga wani dogo cikin koren kaya yana sauke takunkumi, ta kuwa gane shi. Zacchaeus ne, ɗan Malama Lucia, wadda ta shekara goma sha huɗu tana haya a gidansu na Sabon Gari, kafin Alhaji ya tashe ta ana tsakiyar damina don ya mai da ɗakunan sito na kayan shagonsa na kasuwar Singa. Adijat ba ta manta da yadda yaron ya tsaya kan katifarsu jiƙaƙƙiya yana kallon Alhaji ba.

Ta tare likita a baranda.

"Dakta Nkechi, ki gaya mini gaskiya. Me aka sa masa?"

"Hajiya, mun tsayar da zuciyarsa ne, jininsa ya riƙa bi ta cikin inji. Idan jini ya taɓa roba, garkuwar jiki sai ta ɗauka baƙo ya shigo, ta tashi faɗa. Shi ke kawo kumburi da zazzaɓi. Yakan lafa cikin 'yan kwanaki, amma muna sa ido, mun kuma ɗebi jini a gwada."

"Wa ya riƙe injin?"

"Malam Zacchaeus. Ba mu da kamarsa."

Adijat ta tambayi inda yake. Ta bi kwatance har ta same shi a wani ƙaramin ɗaki yana cika takarda. Ya miƙe, ya rusuna.

"Mama, ina wuni?"

"Ka gane Alhaji?"

"Tun a jerin sunaye. Na je na shaida wa babban likita abin da ke tsakaninmu, na roƙa a sauya ni. Ya ce abokin aikina sai bayan sati uku zai dawo, zuciyar Baba kuwa ba za ta kai ba." Ya miƙo mata takardar. "Awa biyu da minti goma. Ga duk abin da na yi, a rubuce. Ki kai wa wanda kika yarda da shi ya duba."

Ta ƙura wa lambobin ido, ba ta fahimci ko ɗaya ba. Ta koma kan fuskarsa, nan ma ba ta karanto komai ba.

"Ina Malama?"

"Ta rasu bara, a Zariya."

Adijat ta juya ta fita.

Bayan la'asar zazzaɓin ya ɗan sauka. Alhaji ya buɗe ido da ƙyar, murya a dushe.

"Adija... mutanen nan sun yi ƙoƙari. Ki karɓo mini sunayensu, kowa sai na je gidansa na yi godiya."

Ta gyara masa mayafi, ta daɗe tana lallaɓa gefensa.

"Ka warke tukuna, Alhaji," ta ce. "Akwai wanda sai ka yi ƙarfi."