Mavzuna Ba Ta Son a Sallame Ta

A ɗakin yara na asibitin gundumarmu na san Mavzuna, a kakar da jikana ya yi ciwon huhu. 'Yata na jego, shi ya sa ni na zo jinyarsa. Kowane gado a ɗakin da yaro da mai jinya, kuma ba a barin 'yan dubiya su shigo, sai dai su tsaya a waje ta taga su ɗaga murya.

Da hantsi aka kawo ta, da ɗanta Daler a kafaɗa, yaro ɗan shekara biyu, yana numfashi kamar ana jan zarto. Akwai busasshen ƙullu a gefen faratanta, da gani daga bakin kwaɓin gurasa ta taso. Zebo, nas ɗin ɗakinmu, ta yi wa yaron allura, ta sa masa ƙarin ruwa, ta nuna mata gadon da ke kusa da nawa. Mavzuna ta zauna ta riƙe ƙafar ɗanta. Kafin ruwan ya kai rabi, kanta ya faɗa kan bargo. Aka kawo abincin rana aka kwashe ba ta motsa ba. Ni na riƙa duba mata yaron.

Sai wajen la'asar ta zabura ta miƙe tana laluben ɗankwalinta.

"Saniya," ta ce. "Ban tatsi saniya ba."

Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Wata mai suna Sitora, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Ƙanwata, nan ba mu da saniya sai Zebo, ita kuma harbi take yi."

"Bari in zo kan ɗanki ki ga harbi," in ji Zebo daga bakin ƙofa.

Mavzuna ba ta yi dariya ba. Ta dubi ɗakin kamar wadda aka kama tana sata, ta hango tsintsiya a lungu, ta ɗauka ta fara shara. Sai da mai sharar asibitin ta zo ta ƙwace kayanta. Na janyo ta na zaunar, na zuba mata koren shayi na miƙa. Ta karɓa da hannu biyu ta tsura wa kofin ido.

"Inna Anzurat," ta ce, don ta ji sauran suna kirana haka, "rabon da wani ya zuba mini shayi tun ranar da aka kai ni ɗaki."

A 'yan kwanakin nan na ji labarin gidansu, guntu-guntu. Mijinta Bahrom yana aikin gini a Rasha, sai hunturu yake leƙowa, shi ma ba kowane ba. Surukinta ya shanye ɓarin jiki, ita ke juya shi, ita ke sauya masa shimfiɗa. Surukarta tana nan da ƙafarta, amma sanyin ƙashi ya ƙandarar mata da yatsu, ko allura ba ta iya riƙewa. Akwai ƙannen miji maza biyu, da ƙanwarsu Nigina da ke karatu a gari, da nata 'ya'yan uku. Babbar, Mohira, tana aji uku.

"In na gama sharar ƙofar gida sai saniya," ta ce mini wata rana, tana shafa gashin Daler. "In na dawo daga ɗiban ruwa an tashi ana jiran shayi. Ina kan tanderu sai Baba ya ɓata shimfiɗa. Ina wankinta sai a ce baƙi sun zo. Lantarki ba ya daɗewa, injin wankin da Bahrom ya saya yana nan da ledarsa, kaji ke kwana a kai. Ba wai suna zagina ba ne, Inna. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini hannu. Aikin ne ba ya ƙarewa. Wani lokaci sai in tsaya a tsakar gida da bokiti a hannu in rasa abin da na fito yi."

Sai ta rage murya.

"Wanka nake yi wa Daler a baho. Na ji ƙaurin gurasa na ruga. Daga tanderu aka kira ni wurin Baba. Sai da Mohira ta dawo daga makaranta ta tarar da shi zaune cikin ruwan, ya yi sanyi ƙarara, leɓensa ya yi baƙi. Na manta da shi. Ɗana na cikina."

Kowace safiya Nigina na zuwa bakin taga. Takan tambayi jikin Daler a gurguje, sannan ta shiga abin da ya kawo ta.

"Amarya, ina kika ajiye babbar rariya?"

Shekara goma da aure, har yanzu Amarya suke ce mata.

"Amarya, saniyar nan ta ƙi tsaya wa kowa. Amarya, Baba ya ce farfesuna ba gishiri. Mama ta ce a tambayi likita yaushe, kin san bikin Yaya Komron ranar Asabar ne, ko katifun baƙi ba a gama ɗurawa ba."

Sitora ta leƙa ta tagar ta ce, "'Yan mata, waɗannan abubuwa biyun da ke rataye a kafaɗarki na ado ne?"

Nigina ta harare ta ta tafi. Na ce da Mavzuna ai ta kusa samun sauƙi, tunda wata amaryar za ta shigo su raba aikin. Ta girgiza kai. Bayan biki da mako guda Komron zai wuce Dushanbe, babban birni, da matarsa, can ya sami aiki.

Daler ya fara samun sauƙi. Aka cire ƙarin ruwa, aka koma maganin sha, wanda uwa ke ba da shi da cokali. Ita ma Mavzuna fuskarta ta ɗan ciko. Ta wanke gashinta a famfon banɗaki, ta zauna a rana ta taje shi a tsanake. Har waƙa na ji tana yi wa yaron.

Ranar Talata likita ya zo zagaye, ya saurari ƙirjin Daler, ya ce madalla, in zazzaɓi bai dawo ba ranar Alhamis za a sallame su. Duk uwar da aka faɗa wa haka a ɗakin nan sai ta hau haɗa kaya. Mavzuna ta ce ta gode, ta zauna, ba ta taɓa kayanta ba.

Da yamma Zebo ta raba ma'aunin zafi. Da ta dawo karɓa ta ɗaga na Daler ta duba, ta dubi butar shayi mai zafi da ke kan durowa, ta dubi uwar.

"Da wannan zafin ai sai a dafa ƙwai a hammatarsa," ta ce. Ta taɓa goshin yaron, sanyi ƙalau. "Ba ke kika fara ba, ƙanwata, ba kuma ke za ki ƙare ba. Amma kar ki sake."

Ta yarfe ma'aunin ta wuce. Ba wadda ta yi dariya, har Sitora.

Washegari da rana sauran matan sun fita shan iska da yaransu. Ina kwance kusa da jikana, idona a lumshe. Na ji Mavzuna ta buɗe kwalbar magani, ta cika cokali. Daler ya buɗe baki da kansa, don maganin na da zaƙi. Ta daɗe tsaye da cokalin. Sai ta juya ta tafi wurin famfon wanke hannu ta zubar, ta sakar masa ruwa.

Na tashi zaune.

"Na safe ma haka kika yi?"

Ta juyo, cokalin ya faɗi ƙasa. Ta gyaɗa kai.

"Ɗauko kwalbar."

Ni na ɗura wa yaron maganin da hannuna. Ita kuwa ta sulale ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gado. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne da ya fi sauƙi.

"Zazzaɓi kaɗan nake so, Inna," ta ce. "Kaɗan, wanda zai kai mu bayan biki. Kin ga abin da na zama? Ranar da aka ce huhunsa ne, za a kwantar da mu, wallahi daɗi na ji a cikina. Ina kallonsa yana fama da numfashi ina cewa yau zan yi barci. Wace irin uwa ce wannan?"

"Wadda ta gaji," na ce. "Tashi mu je wurin likita."

Muka same shi a ofis yana cin gurasa a tsaye. Ban faɗi maganar cokali ba. Na ce yarinyar nan ita ma ba ta da lafiya, ya dube ta. Ya janyo fatar idonta, ya auna jininta, ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, tana bukatar nama da hanta da hutu. Ta roƙe shi kwana uku kacal. Ya buɗe ƙofa ya nuna mana baranda, inda wasu mata biyu ke zaune a benci da yara a cinya suna tari.

"Su kuma in kai su ina?" ya ce.

Ta ari wayata ta kira gidansu. Ina jin muryar mahaifiyarta sama-sama tana cewa ta yi haƙuri, ana shirin biki a gidan miji ba a tafiya ganin gida, me mutane za su ce. Ta kira Bahrom. Ƙarar injin kwaɓa siminti ta cika wayar. Ya ce ta daure, in ya dawo zai duba lamarin, yanzu shugaban aiki na kallonsa.

Ranar Alhamis surukar da kanta ta zo ɗaukarsu, Komron na jira a mota. Na yi zaton zan ga wata mafaɗaciya. Sai ga 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa tana jan ƙafa, da rumman biyu a ƙulle cikin gyale ta kawo wa jikanta. Zebo ta bar ta ta shigo. Mavzuna na zaune a bakin gado, kayanta a ɗaure, ta kasa tashi.

"Mama," ta ce, ba ta ɗago ba, "ba zan iya ba."

Tsohuwar ta zauna kusa da ita. Ta ɗora hannayenta a cinya, yatsun a lanƙwashe kamar saiwar itace.

"Na sani, 'yata," ta ce. "Ni ma na faɗa wa tawa surukar haka, a wannan gidan. To wa zai yi? Faɗa mini sunansa in je in kira shi. Jiya na gwada kwaɓin, kwanon ya suɓuce mini."

Mota ta yi oda a waje. Mavzuna ta miƙe, ta saɓa Daler, ta ɗauki ƙunshin. Da ta zo wucewa na cusa mata sauran ganyen shayina a aljihu, don ban san me zan ba ta ba.

Ciwon jikana ya ƙi sauka da wuri, muka zarce mako na gaba. Ranar Litinin Zebo ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Ƙawarki ta dawo. Tana ɓangaren tiyata."

Na bar yaron wurin Sitora na haye tsakar asibitin. Na same ta a kwance, hannunta na dama a naɗe da bandeji tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ranar jajibirin biki abin ya faru. Tun safe take gasa gurasar baƙi, ta sunkuya cikin tanderu za ta manna wata, jiri ya ɗebe ta, hannun ya sauka kan garwashi.

Na zauna. Na ga gara in tambaya da in tafi da abin a raina.

"Da gangan?"

"A'a," ta ce. "Jirin gaskiya ne. Amma na ji wutar, Inna. Na san hannuna na ciki. Sai na ji kamar na wata ne, ban yi saurin cire shi ba."

Likita ya ce za ta yi mako biyu, in ba haka ba ciwon zai ruɓe. An yi biki lafiya, maƙwabta sun ƙarasa gurasar. Ta faɗi haka tana kallon silin. Na ɓare mata tuffa na riƙa ba ta a baki.

Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa taga. Nigina ce, da kwanon miya a hannu. Wannan karon ba ta zo neman rariya ba, murna ce ta kawo ta.

"Amarya, ki kwantar da hankalinki, komai ya daidaita," ta ce. "Saniyar ta yarda da Mohira. Ki ga yadda yarinyar nan ta iya shara. Jiya har shimfiɗar Baba ta taya Mama sauyawa."

Mavzuna ta ɗago kai.

"Makaranta fa?"

"Mama ta ce ta ɗan dakata har ki warke. Ni kin san jarrabawa gare ni."

Bayan Nigina ta tafi, Mavzuna ta sauko da ƙafafunta ƙasa tana neman takalmi. Na ce ina za ki. Ta tafi har ofishin likitan tiyata, ina biye da ita, ta ce a sallame ta yau. Ya yi faɗa, ya kwance bandejin ya nuna mata naman da idonta, ya ce in ruwan wanki ya taɓa wannan kar ta zo ta yi masa kuka. Ta ce ta ji. Ya ce ta riƙa zuwa wankin ciwon duk bayan kwana biyu. Ta ce to.

Na raka ta bakin titi. Da ƙyar muka sami ƙaramar bas mai zuwa ƙauyensu, cike da mata da buhunan albasa. Wata ta matsa mata. Ta zauna ta ɗora naɗaɗɗen hannun a ƙirji kamar jariri.

"In kin je ki samu ki kwanta ko na yini ɗaya," na ce ta taga.

"Gobe Talata, su Mohira suna da darasin lissafi da safe," ta ce. "Da hagu ma ana tatsa."

Zebo ta ce mini ta zo wankin ciwon sau ɗaya. Har aka sallame mu ba ta sake zuwa ba.